Wuni Guda a Kan Kujerata

A Lome motar ta tsaya, direbanmu mai jar hula ya ce kowa ya sauka ya miƙe ƙafa, shi zai je ya sha mai ya dawo. Har yau ina jiran dawowarsa. Tun daga Legas muka biya shi kuɗin mota har Ankara, babban birnin Gana, ya rantse mana da iyayensa cewa a ƙofar gida zai ajiye kowa. Muka wuni a bakin hanya muna leƙen kowace mota, sai da wani dattijo Bazabarme ya zo wucewa ya dube mu ya ce, "Ku ma mai jar hular ne ya kawo ku?" Nan muka gane ba mu ne na farko ba.

A garin na fara ganin teku. Lokacin salla ya yi, ga ruwa iya ganin ido, na ce lallai Allah ya hutar da mutanen nan daga wahalar rijiya. Na tsuguna na ɗiba na kai baki don alwala, ashe gishiri ne zalla, na furzar da shi da sauri ina tari. Wasu masunta da ke gyaran koma suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a yashi. Shi ne kuma daga baya ya miƙo mini ruwan daɗi a ƙoƙo.

Da ƙafa muka tsallaka iyaka zuwa Aflawo. A can na sami wata mota mai ɗaukar busasshen kifi, na taya su lodi, su kuma suka bar ni na hau saman buhunan. Muka haye wani babban kogi a jirgin fito, ina riƙe da igiyar kaya ina karanta duk abin da na haddace. Da muka shiga Ankara, rigata da hulata da ni kaina duk warin kifi muke yi, har kuliyoyi suna bina.

An sauke ni a wata babbar tasha da suke kira Sakul. Abin da na sani a garin nan gaba ɗaya shi ne suna guda: Baba Barau mai goro, a unguwar Nima, aminin mahaifina tun suna samari a ƙasar Daura. Na tambayi wannan, na tambayi wancan, kowa ya amsa mini da harshen da ban taɓa ji ba. Can wata mata mai sayar da koko ta kira ni da hannu.

"Yarona, kai baƙo ne? Zo sha koko tukuna, fuskanka ya bushe."

Jin Hausa a bakinta, ko da yake wata iri ce, sai da idona ya kawo ruwa. Ta zuba mini koko, ta ɗora ƙosai, ta ƙi karɓar ko kwabo. Ta sa ni a ƙaramar motar haya da suke ce wa torotoro, ta gaya wa direba inda zai sauke ni. Ban san sunanta ba, amma ban daina yi mata addu'a ba.

Baba Barau dogo ne siriri, gemunsa fari fat, ba ya son yawan magana. Duk wanda ya zo daga ƙasarmu a zaurensa yake sauka, ya ci tuwon gidansa har ya sami abin yi. Bai taɓa yi wa kowa gorin abinci ba. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, rashin ladabi. Ina nan wani saurayi Bakano da ya fara jin kansa ɗan birni ya gaishe shi a tsaye, hannu a aljihu. Kafin la'asar dai tabarmar saurayin tana waje a naɗe. Tun ranar na ƙara zurfin tsugunona.

Na fara da dako, wanda a can suke kira kaya-kaya. Yawanci katako nake ɗauka daga wurin masu sayarwa zuwa wani shagon kafinta a Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima. Mai shagon wani ɗan ƙabilar Ga ne, Masta Tete, gajere mai faɗin ƙirji, fensir kullum a bayan kunnensa. Ya girma cikin 'yan zango, wato Hausawan can, don haka yana jin Hausarsu sarai. In na sauke kaya ba na tafiya. Sai in raɓe a ƙofa ina shaƙar ƙamshin itace, domin mahaifina masassaƙi ne, cikin ɓawon itace na yi rarrafe. Wata rana Masta ya ɗago kai ya ce, "Kai, dogon nan, aiki kana so ko inuwa kana so?"

Na ce aiki.

Ya ce to in kawo babbana. Al'adarsu ita ce mai shiga koyo ya zo da wanda zai tsaya masa, da kwalbar giya. Baba Barau ya saka babbar riga ya zo, ya ajiye ƙwaryar goro da zakara, ya ce, "Masta, kwalbarmu ke nan." Masta ya yi dariya har yana buga cinya, ya karɓa. Baba ya ce, "Iro ɗana ne. In ya yi ba daidai ba, ni za ka nema."

Na shiga da girman kai, ba zan ɓoye ba. A raina na ce ɗan masassaƙi ai ba baƙon itace ba ne. Ashe sana'ar daban take. Mahaifina gungume ɗaya yake sa wa gizago, ya yi ta cirewa har turmi ya fito. Nan kuwa yanka ake yi gunduwa-gunduwa, a fafe rami a wannan, a fitar da harshe a wancan, a haɗa su su kama juna. In ramin ya yi faɗi kaɗan, aiki ya lalace. Zarto ya ƙi bin layina. Ƙarfen fere katako, wanda suke kira jakfilen, in na tura sai ya ci gefe ɗaya ya bar ɗaya. Watanni na yi ba abin da nake yi sai wasa bakin ƙarafan aiki, da goge katako, da dafa gam mai warin tsiya.

Abokin koyona wani Badagombe ne, Salifu, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ya riga ni shiga. Ba ya gajiya da tsokana. Akwai wani farin itace mai laushi da sunansa a can wawa ne. Duk sanda Masta ya ce a kawo wawa, sai Salifu ya kama hannuna ya kai ni gabansa. Na yi fushi sau biyu, daga baya ni nake riga shi kama nasa hannun.

Damina ta same ni a can, irin wadda ban sani ba. Ruwa ba ya ɗaukewa, babbar kwatar Nima ta cika ta tumbatsa, takalmin fatar da na zo da shi ya yi fumfuna saboda danshi. A lokacin kewar gida ta kama ni sosai. Ina son fura mai tsami, ina son in ji ƙarar gizagon mahaifina da sassafe. Akwai ranar da na shiga bayan tarin katako na yi kukana, na fito na ce ƙurar zarto ce ta shiga mini ido. Salifu bai tsokane ni ba ranar, ya raba mini abincinsa.

Masta yana da wata doka da kowa a shagon ya sani. Kujera ce aikin farko da mai koyo zai yi shi kaɗai. In ya gama, za a fitar da ita bakin hanya a ƙofar shago, ya zauna a kai tun buɗe shago har rufewa. A kai zai ci abinci. Ba ya tashi sai don salla ko zagayawa. In ya kai yamma, an karɓe shi, za a fara ba shi aikin mutane. In ya tashi, to ya tashi daga shagon ke nan.

"Wanda ba ya iya zauna kujeransa," in ji Masta, "don me zai sai da shi ga wani?"

Ga inda matsalata take. Ni tunda aka haife ni ban taɓa zama a kan doguwar kujera ba. A ƙauyenmu namiji a tabarma yake zama ko a buzu. 'Yar gajeruwar kujera ta mata ce wajen tuƙa tuwo, doguwa kuwa sai alƙali ko Bature. A shago ma a ƙasa nake cin abinci. Sau da yawa Masta yakan nuna mini wata kujera da aka gama ya ce in zauna in ji yadda take. Sai in ce to, in shafa ta da hannu in wuce. Yaya zan ɗare kujera maigidana yana tsaye?

Don haka da ido na yi tawa. Na zaɓi odum, itace mai nauyi da ƙarfi. Na yi mata dogayen ƙafafu don ta yi kwarjini, na miƙar da bayanta tsaye cak, na bar bakin mazaunin da kaifinsa domin ya fi kyan gani. Haɗin kuwa ya kama gam, ko girgiza ba ta yi. Na goge ta har tana ɗaukar ido. Masta ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya dube ni ya ce, "Gobe." Salifu ya juya baya, yana danne dariya.

Ban gaya wa Baba Barau ba, don ya tafi Kumasi sayen goro, kuma na ji daɗin hakan. Hanyar da ke gaban shagon ita dattawan unguwa suke bi zuwa masallaci. Ban so ya ga ɗansa a ɗare bisa kujera a bakin titi kamar mai jiran a kawo masa ƙara.

Da safe na hau. Da farko na ji ni wani ne. Mata masu tallan burodi suna wucewa suna kallona, na gyara hula. Kafin hantsi ya ɗaga sai na lura ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa sosai, ni da ake kira dogo. Kaifin mazaunin ya fara yankar bayan cinyata. In na jingina, bayan kujerar ya turo ni gaba. In na sunkuya, ƙuguna ya ɗauki zafi. Na karkata dama, na karkata hagu, na naɗe ƙafa ɗaya, duk a banza. Salifu ya fito ya rusuna a gabana ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo fanka?" Na ce Allah ya isa tsakanina da shi.

Ban taɓa jin daɗin kiran sallar azahar irin na ranar ba. Na sauko da ƙyar, na yi sujada mai tsawo, har Masta ya leƙo ya ce, "Iro, Allah ya ji, ya isa." Na koma na hau. Dattawa biyu-uku sun wuce a lokacin, na ja hula na rufe fuska kamar mai gyangyaɗi.

Bayan na idar da la'asar na koma kan kujera, ina lissafin saura kaɗan, sai na hango farin gemu daga nesa. Baba Barau ne, ya dawo da wuri. Kuma ba shi kaɗai ba. Tare da shi akwai Malam Isa, wani fatken garinmu da ke kai goro gida, mutumin da duk abin da ya gani a Gana sai ya zauna a ƙofar gidan mahaifina ya ba da labarinsa.

In na tashi na tsuguna, na bar shagon, wahalar watannin nan ta tafi a banza, in koma dako. In na zauna, na san inda zan tarar da tabarmata, kuma kafin wata ya ƙare mahaifina zai ji cewa Iro ya zama ɗan birni, aminin ubansa ya wuce yana kan kujera yana kaɗa ƙafa. Na waiwaya, ga Masta tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Na duba gaba, ga Baba ya iso har ya gan ni, ya rage tafiya.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na sa hannu biyu na damƙi mazaunin kujerar ta gefe da gefe, na manne ta a jikina, na zame gaba na durƙusa da ita a bayana. Odum ba wasa ba ne. Nauyinta ya danne ni, bayanta ya buge mini ƙeya, hulata ta faɗa cikin taɓo, ƙafafunta huɗu suka miƙe baya suna kallon shago.

Daga ƙarƙashinta na ce, "Baba, barka da dawowa. An dawo lafiya? Malam Isa, sannu da hanya, yaya mutanen gida?"

Sai Salifu ya fashe da dariya, masu talla suka fashe, Malam Isa ya riƙe ciki. Baba bai yi dariya ba. Ya amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, sa'an nan ya ce, "Iro, mene ne wannan a bayanka?"

"Kujera ce, Baba."

"Na ga kujera ce. Ciwo ne ya manne ta?"

Masta ya ƙaraso yana share hawaye. Ya zagaya bayana, ya sunkuya ya duba ko akwai tazara tsakanina da mazaunin, ya ce, "Bai tashi ba." Sa'an nan ya bayyana wa Baba dokar shagon tun daga farko. Ya juyo gare ni ya ce, "Wannan na bari don Baba. Amma kujera ba a yi shi don goyo. In ka sake, ka tashi ke nan."

Aka taimake ni na koma zaune. Baba yana tsaye a gabana, ni ina sama, na rasa inda zan sa idona. Na san kuma abin bai ƙare ba, domin yanzu ne dattawa za su fara fitowa, masu zuwa hira da masu tafiya jiran magariba, kuma duk sun san ni.

Baba ya dubi hanya, ya dube ni. Ya ce wa Malam Isa ya wuce gida ya huta. Sa'an nan ya ce, "Masta, akwai tabarma a shagon nan?"

Salifu ya kawo wadda muke salla a kai. Baba ya shimfiɗa ta a ƙasa dab da ƙafar kujerata, ya tattara rigarsa ya zauna, ya fito da carbi.

Na ce, "Baba, don Allah..."

Ya ce, "Yi aikinka."

Haka muka zauna. Duk dattijon da ya zo wucewa sai ya yi turus, ya ga Baba Barau a ƙasa, ɗan zaurensa a sama. Kafin ya buɗe baki Baba zai ce, "Ni na ce ya zauna. Aiki yake yi." Sai mutum ya gaishe da Baba, ya ce mini sannu da aiki, ya wuce yana waiwaye. Wani limami ma har ya sa mini albarka. Ni kuwa cinyata ta mutu, bayana kamar an yi mini dukan sanda, amma duk ban ji su ba kamar yadda nake jin ganin farar hular Baba a ƙasa da gwiwata. Kunya da daɗi suka haɗu suka cika mini ƙirji, hawaye suka zubo, kuma wannan karon ba ƙurar da zan ɗora wa laifi.

Da rana ta yi ja Masta ya tafa hannu ya ce a rufe shago. Na yunƙura zan sauka, ƙafafuna suka ƙi. Salifu ne ya ciccibe ni ya sauke, na zube gaban Baba, tsugunon da na fi jin daɗinsa a rayuwata.

Masta ya ciro fensir daga bayan kunne ya ce, "To, ina da ina ya yi ciwo?"

Na nuna bayan cinya, ya ja layi a bakin mazaunin ya ce a kashe kaifin. Na nuna ƙugu, ya ja layi a bayan kujerar ya ce a kwantar da shi kaɗan. Na ce ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ya ja layi a ƙafafun huɗu. Ya ce, "Yanzu ka san kujera. Gobe zo da wuri, akwai aikin wani tela." Ya juya ga Baba ya ce, "Baba, yaronka ya zama namu."

Baba ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Aro dai na ba ka."

Kujerar kirki ta farko da na yi da itacen da na saya da kaina, Baba na kai wa. Na auna tsawon ƙafarsa da ido, na kwantar da bayanta, na zauna a kai na gwada sau ba adadi kafin in ɗauka. Ya shafa ta, ya yaba haɗin, ya sa mini albarka, ya sa aka ajiye ta a zaure kusa da buzunsa. Duk baƙon da ya sauka sai ya nuna masa ya ce, "Aikin ɗana ne." Har Allah ya karɓi ransa ban taɓa ganin ya zauna a kanta ba. Butarsa ta alwala yake ɗorawa.